Bindigar allura ta Dan-Inject, ra'ayina bayan na yi aiki da ita

Gaskiya wannan bindiga, da ake harba wa dabba allurar sa barci da ita daga nesa, ta sauƙaƙa mana aiki sosai. Da iskar CO2 take harbi, kuma kana iya daidaita ƙarfin iskar gwargwadon nisa da girman dabbar, wanda shi ne babban abin da ya burge ni, don dila ba kura ba ce, in ka harbi ƙaramar dabba da ƙarfin da ya yi yawa sai allurar ta fasa tsoka ko ma ta karya ƙashi. Ba ta da ƙara, dabbar ba ta firgita ta yi ta gudu har jikinta ya ɗau zafi.

Kurar da muka kama kwanan nan a cinya na same ta, haɗin magungunan sa barci na medetomidine da ketamine ne a cikin allurar, ta ɗan zagaya kaɗan sai ta kwanta. Nan da nan muka shafa mata man ido muka rufe fuskar da kyalle saboda ketamine na barin ido a buɗe, mutum ɗaya kuma aikinsa kawai ƙirga numfashi da auna zafin jiki duk minti 5. Da muka gama muka ba ta atipamezole, maganin da ke warware medetomidine, amma fa sai da ketamine ya sake ta, in ka yi gaggawa za ta farka tana ƙandarewa.

Iska ce kawai matsala, allurar ba nauyi, in ana iska mai ƙarfi ka haƙura ka jira. Kuma don Allah kar wanda ba likitan dabbobi ba ya taɓa magungunan nan, suna kama mutum shi ma.