Sharhi kan saitin sarƙar taimin da na ɗaura wa tsohuwar motata

Motar tsohuwa ce, mai ja da ƙafa huɗu, injin fetur mai silinda 4, kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawuloli, ɗaya a sama, da kafireto da delko. Saitin da na saya mata cikakke ne: sarƙar da ke haɗa kamshaf da kiranshaf (sandar ƙasa da fistin ke juyawa) don su tafi daidai, giya biyu masu haƙora ta sama da ta ƙasa, ajasta mai tamke sarƙar, damfa biyu da sarƙar ke gogar jikinsu, oyil sil na gaba, da gasket. Ba na kamfanin motar ba ne. Na zaɓe shi ne saboda damfofinsa suna da ƙarfe a baya, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin saye. Amma akwai inda bai gamsar da ni ba, zan zo kansa.

Abin ya faro ne da ƙara da safe. Da an yi ki sai a ji kacau-kacau daga gaban injin, kamar ana jan sarƙa a kan kwanon rufi, bayan 'yan daƙiƙoƙi sai ta ɗauke. Dalilin ɗaukewar a fili yake. Ajasta da ƙarfin baƙin mai take aiki, kafin famfo ya turo mai sarƙar tana sako-sako, da man ya iso sai ta tamke. Ƙara ta ɗan lokaci irin wannan, wani zubin filtar mai ce kawai da ba ta riƙe mai idan mota ta kwana. Tawa kuwa kullum ƙara tsawo take yi, har ta kai ana jin ta ko injin ya yi zafi, musamman in an saki totur.

Kafin a kwance komai, ni da bakaniken da ke duba mini ita muka bi abin daki-daki. Muka cire fanbel muka tada injin na ɗan lokaci kaɗan, don a fitar da altaneta da wota famfo daga zargi. Ƙarar ba ta je ko'ina ba. Bakaniken ya ɗora bakin dogon sukudireba a murfin gaba, ya kara mariƙin a kunnena, sannan ya mayar da shi kan murfin bawul. Kukan tafet daban yake, tik-tik ne a sama, a jere, ba ya kuskure. Wannan kuwa a gaba yake, kuma ba shi da tsari. Da ya haska fitilar taimin a kan fuli, alamar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, sai kai da komo take yi. Motocin da ke da kwamfuta sukan nuna lambar P0016 idan kiranshaf da kamshaf suka saɓa. Irin tamu kuwa sai kunne da ido.

Da aka ɗaga murfin bawul aka leƙa ƙasa da tocila, damfa ɗaya babu ita, sai kusoshinta biyu a tsaye. Ta roba ce zalla, zafi da shekaru suka busar da ita ta karye. Sarƙar kuma ta samu fili, ta yi ta dukan murfin gaba na alminiyon har ta zana masa layuka biyu masu zurfi, ina sa farce ina jin su. A wannan injin, hanyar ruwa tana bayan wurin ne daidai. Da ta huda, ruwan lagireto ya gangara cikin baƙin mai ke nan, man ya koma fari-fari mai kauri, kuma mutane da yawa a nan suke ɗora laifin a kan gasket ɗin tof, wato kan injin, su kwance abin da lafiyarsa ƙalau. Alhamdu lillahi ba ta huda ba, amma ban yarda a mayar da murfin ba, wani aka sa.

Sabuwar sarƙar ta yi mini. Da muka rataye ta gefe da tsohuwar, tsawon tsohuwar ya fito sarai. Ƙarfen bai miƙe ba, 'yan sandunan da ke haɗa gaɓoɓin ne suka cinye, kowace gaɓa ta ƙara ɗan kaɗan, suka taru suka jinkirta taimin. Shi ya sa motar ta rasa ƙarfi a hawa, inda a da ba ta nishi. Sabuwar tana da gaɓoɓi masu haske da ake daidaitawa da ɗigon da ke jikin giyoyin biyu, bayan an kawo fistin na 1 can sama a bugun matsi. Alamomin sun fito raɗau, babu lalube. Kiranshaf yana juyi 2 kafin kamshaf ya yi 1, don haka bayan ɗaurawa bakaniken ya juya injin da hannu zagaye biyu cur, yana saurare ko wani abu zai tokare. Wannan ba abin tsallakewa ba ne, domin a injuna da dama idan sarƙa ta goce da haƙora kaɗan, fistin yana iya dukan bawul ya lanƙwasa shi.

Damfofin kuma sun zauna daram, ramukansu sun dace ba tare da an goga ko an tilasta ba. Ko robar samansu ta cinye nan gaba, ƙarfen yana nan ya tsare murfin.

Inda saitin ya gaza shi ne gasket da takardar bayani. Gasket ɗin murfin siriri ne ƙwarai, ramukansa biyu ba su hau daidai ba, dole muka nemo wani. Takardar kuma zane ɗaya ne tak, ba ta faɗi ƙarfin da za a ɗaure kusoshi ba. Wannan ya dame ni sosai, saboda kusoshin ajasta in an matse su fiye da kima, tana iya cijewa ta ƙi fitowa, sabuwar sarƙa ta koma kuka kamar tsohuwa. Sai da muka buɗe littafin gyaran motar. Haka kuma ba ta ambaci kusar da ke ɓoye a saman murfin ba, a gaban tof, cikin ɗan kwarin da mai ke kwanciya. Wanda bai san da ita ba zai yi ta ɓamɓarar murfin har ya tsaga shi. Kusoshin murfin ma tsawonsu ya bambanta, mun zana siffarsa a kwali muka soke kowace a gurbinta.

Abu ɗaya da babu saitin da zai yi wa mutum shi ne buɗe botom filet, wato kwanon ƙasan injin da baƙin mai ke taruwa a ciki. A waɗannan motoci aikin yana da wuya, don ƙarafan ƙafar gaba suna tare hanya, shi ya sa ake yawan cewa a bar shi. Ni ban goyi bayan haka ba ko kaɗan. Da muka sauke namu, gutsattsarin damfar da ta karye suna kwance a ciki, wasu sun manne a ragar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Motar da ke hawa da gangara a kan duwatsu man cikinta ba ya zama wuri ɗaya, tarkacen nan sai sun je ragar, ƙarfin mai ya ragu, ajasta ce kuma farkon mai ji a jikinta.

Tun da aka haɗa, an saita taimin da fitila, alamar ta tsaya cak. Safiya ba ƙara, sulo ya daidaita, ƙarfin hawa ya dawo, na kuma shiga da ita yashi da hanyoyin dutse babu wani sabon kuka. Na canza mai da filta da wuri bayan aikin don wanke ragowar datti. Duk mai irin wannan injin zan ce ya sayi saitin, amma ya haɗa da gasket mai kyau daban, ya kuma tabbata littafin gyaran motar yana kusa kafin a kwance kusar farko.