Mutum-mutumi mai ƙafa shida: mai sarbo 12 ko mai 18?

Ɗan uwa, ka ce ka ga ƙunshin kayan haɗa mutum-mutumi mai ƙafa shida iri biyu, ɗaya mai sarbo 12, ɗaya mai 18, kana tambayar wanda ya dace da mai farawa. Sarbo dai shi ne ɗan injin da ke juya gaɓa ya tsaya a kusurwar da aka umarce shi, kuma bambancin kayan biyu duk yana kansa.

Salon tafiyarsu ɗaya ne, irin na kyankyaso da tururuwa: ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya, da ta tsakiyar ɗaya gefen, suna dafe da ƙasa yayin da sauran ukun ke ɗagawa. Kamar tukunya ce a kan duwatsun murhu, shi ya sa ba ya faɗuwa ko da ya tsaya a tsakiyar taku.

Mai 12 yana da gaɓa biyu a kowace ƙafa, ɗaya na kai ta gaba da baya, ɗaya na ɗaga ta. Tunda babu gwiwa, tafin yana bin lanƙwasasshen layi ne, sai ka ga yana ɗan jan ƙafa a kan tayil. Mai 18 ya ƙara gwiwar, don haka yana taka miƙaƙƙen layi, ya yi tafiya ta gefe, ya durƙusa, ya karkata jiki ba tare da tafinsa ya gusa ba. Kyan da kake gani a bidiyo nasa ne, ban musa ba. Sai dai kafin ka samu wannan kyan, dole manhajar ta riƙa lissafa kusurwa uku ga kowace ƙafa a kowane motsi. In ta zo a shirye, to. Ranar da ka so sauya takun kuwa, sai ka koma ga lissafin alwatika na sakandare.

Wajen allo ma, wato allon lantarkin da ke ba sarbo umarni, akwai magana. Manhajar sarbo ta allon Arduino Uno tana ɗaukar 12 cif, kuma allon PCA9685 guda, wanda ake ƙarawa don jona sarbo da yawa, mai wurin jonawa 16, ya ishe su har da rara. Mai 18 kuwa sai ka haɗa PCA9685 biyu ko ka koma Arduino Mega. In Raspberry Pi ne ƙwaƙwalwarsa (wata ƙaramar kwamfuta ce), ka san yakan mutu ya sake tashi da zarar wuta ta yi ƙasa, wani lokaci har katin ajiyarsa ya lalace.

Wutar nan ita ce ta fi damuna, domin a nan yawancin masu farawa ke karaya. Ƙaramin sarbo SG90 giram 9 ne, haƙoran cikinsa na roba, ba sa jure nauyi. MG90S girmansu kusan ɗaya amma haƙoransa na ƙarfe ne. Babban MG996R giram 55 ne, kuma idan ya cije, wato nauyi ya hana shi juyawa, yana iya jan amfiya 2.5 shi kaɗai. Ka lissafa 18 da kanka. Kada ka kuskura ka ba sarbo wuta daga Arduino. Batir mai caji samfurin 18650 guda biyu a jere suna ba da bolt 7.4, sai ka sa mai rage wuta ya mai da ita 5 ko 6, ka kuma haɗa wayar ƙasa (wato nagatif) ta batir da ta allo. Waɗanda aka ciro daga tsohon batirin laftof sukan kunna fitila lafiya, amma da ƙafa shida sun yunƙura tare sai su zube, mutum-mutumin ya kama rawar ɗari, kai kuma ka yi ta zargin manhaja.

Ni dai shawarata, ka ɗauki mai 12 mai haƙoran ƙarfe, rarar kuɗin ka sa a batir na gaske da caja, da sarbo biyu na ajiya, don in ɗaya ya ƙone ba ka zauna jiran saƙo daga Sin ba. Mai 18 na wanda ya taɓa haɗa wani abu ne kuma lissafi ba ya ba shi tsoro.

Ko wanne ka saya, kafin ka ɗaura ƙafa ko guda, ka jona kowane sarbo ka tsayar da shi a digiri 90, sannan ka ɗaure. In ka tsallake wannan, sai ka kwance komai, gaɓa 12 ko 18.