Mun yi zaman rabon gado a Zoom mai kulle: ga abin da na gani

Yawancinmu mazauna Saudiyya mun saba da Zoom tun zamanin korona, lokacin da aka rufe makarantu karatu ya koma cikin waya. Sai dai ba kowa ya san taron Zoom iri biyu ba ne. Akwai na yau da kullum, akwai kuma wanda ake kulle sauti da hoto tun daga wayar mai magana, ba za su buɗu ba sai a wayar mai sauraro, wanda ake taƙaita sunansa da E2EE. Wannan na biyun ba ya kunna kansa, sai ka neme shi. Da shi muka yi aiki a watannin nan, kuma a kansa zan yi magana.

Rasuwar mahaifinmu ce ta kai mu gare shi. Allah Ya jiƙansa, ya bar gida da fili a Kano, da 'yan basussuka, wasu ana bin sa, wasu shi ke bi. Magada kuwa a warwatse muke: ni a Jidda, babban yayanmu a Shara Mansur a Makka, ƙanwarmu tana aure a Madina, Baffa da malamin da zai yi lissafin rabo suna Kano. Dole a nuna takardun gida a allo, a karanta sunayen waɗanda ake bi bashi ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikinsu akwai mutanen da har gobe ana gaisawa da su a ƙofar masallaci. Irin wannan magana ba ta son kunnen waje. Kiran WhatsApp kuwa, duk da kulle yake tun 2016, kowa ya san shekarun da aka kwashe ba ya shiga a ƙasar nan, shi ya sa ba mu ɗora zaman a kansa ba.

A taron Zoom na yau da kullum ma ana kulle bayanai a hanya, amma na'urorin kamfanin ne ke ƙera makullin su rarraba wa mahalarta. Kamar ka ba alhaji akwatin tsaraba ya kai maka gida ne, ka sa kwaɗo, amma kwafin makullin yana aljihunsa. Mai yiwuwa mutumin kirki ne ba zai buɗe ba, sai dai in ya so zai iya. Idan aka kunna E2EE, wayar jagoran taro ce ke ƙera makullin, ta aika wa kowane mahalarci nasa a rufe. Aikin kamfanin ya zama dakon abin da ba ya iya gani.

Ban ɗauki maganarsu haka kawai ba, domin suna da tarihi a kan wannan batu. A farkon 2020 kamfanin yana tallata cewa tarukansa kulle suke daga waya zuwa waya, sai 'yan jarida da masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto suka nuna ba haka abin yake ba. A watan Mayun shekarar ya sayi Keybase, wani ƙaramin kamfani da ya ƙware a harkar makullai, a Oktoba kuma ya fito da kullen na gaskiya. A Nuwamba ya sasanta da hukumar kula da cinikayya ta Amurka kan zargin yaudarar jama'a, a 2021 kuma ya amince ya biya dala miliyan 85 a wata ƙarar da masu amfani da shi suka shigar. Ni dai na fi natsuwa da kullen da aka gina bayan an sha kunya a bainar jama'a, ana kuma sa masa ido.

Kunna shi ba wuya, amma a ɓoye yake. Sai ka shiga shafinsu na intanet da asusunka, ka je sashen tsaro ka ba da izini. Mai asusun kyauta irina sai ya ba da lambar waya an turo masa lambobin tabbatarwa. Daga nan duk lokacin da za ka tsara taro, ka zaɓi irin kullen da kake so. In an shiga, za ka ga wata koriyar garkuwa a saman allo da ɗan kwaɗo a tsakiyarta. Idan alamar maki ce a cikin garkuwar ba kwaɗo ba, taron yau da kullum kake ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne lambobin tsaro. Idan ka taɓa garkuwar, wani dogon jerin lambobi zai fito rukuni-rukuni. Jagora ya karanta nasa a fili, kowa ya duba ko sun yi daidai da na wayarsa. In sun yi daidai, babu wanda ya kutsa tsakani ya musanya makulli. A zaman farko na ce, "Baffa, ku duba wayarku, zan karanto wasu lambobi." Ya gyara tabarau, ya kawo wayar dab da hanci har goshinsa kaɗai muke gani, yana bi da yatsa yana cewa "na'am, na'am" kamar mai karɓar darasu. Da na kai ƙarshe ya ce, "To ɗana, an ci jarrabawar? Sai a yi mana addu'a mu fara." Daga ranar ya zama shi ke tuna mini in na yi kamar zan tsallake.

Sauti da hoto ban ga sun ragu saboda kullen ba. Inda aka samu yankewa, layin can gida ne ya yi rauni, kuma da an kashe kyamarori biyu sai magana ta daidaita. Iyakar minti 40 ta asusun kyauta ma alheri ta zame mana. Muna sa'a biyu gaba da Najeriya, saboda haka ƙarfe tara na dare a Jidda bakwai ce a Kano, an fito daga magariba ke nan, kafin lokacin ya cika an kusa kiran isha'i. Maganar gado in ta wuce haka ma rai ya fara ɓaci.

Kullen yana da farashi, kuma kamfanin bai ɓoye shi ba. Duk abin da ke bukatar na'urorinsu su ji ko su gani, yana daina aiki: babu naɗar taro a ma'ajiyarsu ta intanet, babu rubuta magana kai tsaye a ƙasan allo, babu ƙuri'a, babu mataimakin nan mai ƙirƙirarriyar basira da ke taƙaita zama. Ba a shiga kafin jagora. Waɗannan duk ban yi kewarsu ba. Ƙanwarmu ta ɗauki biro da littafi ta zama magatakarda, a ƙarshen kowane zama ta karanto abin da aka tsayar kowa ya ce ya yarda, kuma na ga hakan ya fi naɗin da ba wanda zai koma ya saurara.

Wanda ya taɓa mu shi ne sharaɗin cewa dole kowa ya shigo ta manhajar kanta. Ba a shiga ta burauza, ba a kuma kiran lambar tarho a saurara. A wurin mai sabuwar waya wannan ba komai ba ne. Amma malamin lissafinmu tsohuwar waya gare shi, cike da karatuttuka da hotunan jikoki, sai da ɗansa ya zauna ya kwashe kaya ya sama wa manhajar wuri. Nauyin tsaron yana sauka ne a kan dattijo mai ƙaramar waya, alhali sau da yawa shi ne wanda zaman ba ya yiwuwa sai da shi. Haka ma sabon kullen da suka ƙara a Mayun 2024, wanda aka yi don ya jure wa kwamfutocin nan gaba masu tsananin ƙarfi, ba ya aiki sai manhajar kowa sabuwa ce.

Kada kuma a ɗora wa kullen abin da bai yi alkawari ba. Kamfanin bai jin me kuka ce, amma ya san wa ya shiga, daga ina, da tsawon zaman. Bai hana mahalarci ɗaukar hoton allo, bai kuma san wanda ke zaune a gefen kyamara ba. A wani zama muna tsaka da batun wani bashi sai muka ji ƙarar kofunan shayi da tarin baƙo daga ɓangaren Makka. Yaya ya ce maƙwabci ne ya shigo gaisuwa. Baffa bai ɗaga murya ba, ya ce a jira har ya sha shayinsa ya tafi. Tun daga nan muka sa doka: kowa ya sa abin sauraro a kunne, kyamara a buɗe, ɗakin jira a kunne don in ga mai shigowa kafin in buɗe masa.

Don karatun littafi ko gaisuwar sallah ba zan wahalar da mutane da shi ba, domin a nan an fi son kowa ya samu shiga, a kuma naɗa don waɗanda ba su halarta ba. Amma gado, sulhun aure, takardun asibiti, lissafin kuɗin ƙungiya, waɗannan ba zan ƙara yin su a taron da babu kwaɗo a garkuwarsa ba. Wanda zai gwada, ya sa wani yaro ya je wurin dattawan gidan kwana ɗaya kafin zaman, ya sabunta musu manhajar, a yi ɗan kiran gwaji, a nuna musu inda lambobin suke.