Daga Gilasgo zuwa Ringim: zancen baƙon wata

Yaya, ina gaisuwa da fatan alheri. Ya Malam, ya yara, ya ƙafar Inna? Na ji an ce geron bana ya yi kyau a wajenku, Allah ya sa albarka.

Saƙonki ya iso ni, cewa 'yarmu ta fara ganin al'ada kuma ciwon mara yana kwantar da ita har ta rasa makaranta. Na san ba za ki iya zaunar da ita ki yi mata wannan magana ba, 'yar fari ce, ko sunanta ba kya kamawa. To ni ba ruwana da wannan kunyar. Ki miƙa mata wayar ta karanta da kanta, ko ki sa ƙanwar Malam ta karanta muku tare. Kin kuma tambaye ni yadda mata suke yi a nan birnin Gilasgo na ƙasar Sikotland, shi ne zan faɗa miki abin da na gani da idona.

Audugar mata a Sikotland kyauta ce ga duk mai bukata, kuma doka ce ta ce haka. Wata 'yar majalisa mai suna Monica Lennon ce ta kai ƙudirin, aka amince da shi a ƙarshen 2020, ya fara aiki a watan Agusta na 2022, kuma su ne ƙasa ta farko a duniya da ta yi hakan. Ki shiga banɗakin makaranta, ko na jami'a, ko ɗakin karatu na unguwa, za ki tarar da kwando a gefen wurin wanke hannu cike da auduga. Babu mai gadi, babu mai rubuta suna, babu mai tambayarki guda nawa kika ɗauka. A kanti ma ba ta da tsada idan aka kwatanta da abin da mutum yake samu a aikin awa ɗaya, ga shi tun farkon 2021 Birtaniya, wadda Sikotland take cikinta, ta cire mata haraji. Mu ma fa a Najeriya an cire harajin kaya a kan wadda ake yi a gida tun 2020, sai dai ke kin fi ni sanin ko hakan ya hana kuɗinta tashi a kasuwar Ringim.

Iri-iri ne kayan. Akwai mai kauri ta dare, akwai siririya ta ranakun ƙarshe. Akwai wata da ake cusawa ciki mai ɗan zare, wadda ba a barinta ta wuce awa 8 saboda tana iya jawo wata muguwar cuta mai zazzaɓi, ko da yake ba kasafai ba. Akwai ɗan kofi mai laushi da yake tare jinin a zubar a wanke a mayar, yana shekaru ana amfani da shi, amma yana son a dafa shi a tafasasshen ruwa bayan kowane wata. Waɗannan biyun ba zan aiko wa budurwa ba, kin san dalili, kuma ko ke ban ga kina yarda da su ba.

Wanda ya ba ni dariya shi ne ƙunzugu. Wallahi Yaya, ƙyallen nan da muke jin kunyarsa, shi Turawa suke ɗinkawa da yadi mai zane, su sa masa maɓalli a fukafukai, su sayar da tsada, masu ilimin cikinsu suna rububinsa wai don a rage shara. Amma kuma ba su da ranar shanya shi. Da hunturu ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, sai dai a rataya a jikin ƙarfen ɗumama ɗaki. Ku kuwa rana tana dukan tsakar gida daga hantsi har la'asar, amma sai a wanke ƙyalle da dare a ɓoye, a cusa shi ƙarƙashin katifa ko bayan kwalla da danshinsa. Danshin nan shi ne yake kawo ƙaiƙayi da wari da ƙuraje, ba ƙyallen ba. Idan yadin auduga ne mai laushi, aka jiƙa shi da ruwan sanyi tukuna don jinin ya saki, aka wanke da sabulu, aka ɗauraye sosai, rana ta busar da shi ƙarau, ba shi da wani aibu. In kunyar maza ce, a ɗora masa wani siririn mayafi a kan igiya. Kuma ko ƙyalle ne ko auduga, kada ya wuni a jiki. A canza bayan awa 4 zuwa 6, in jinin da yawa ma kafin nan. Na san tsadar auduga ce take sa yara su kwana su wuni da guda ɗaya. Gara ta sa auduga zuwa makaranta, in ta dawo gida ta koma ƙyalle mai tsabta.

Wajen ruwa kuwa mun fi su. Banɗakinsu takarda ce kawai, ni da 'yar gorata nake yawo a jaka, a gida kuma buta ce farkon abin da na saya a kantin 'yan Pakistan. Malamar asibiti a nan ta ce ruwa zalla ya isa a wanke waje, kada a cusa sabulu mai ƙamshi ko wani haɗi a ciki, wurin yana tsabtace kansa. Ɗan miskin da ake shafawa bayan wankan tsarki daban, amma ire-iren matsin nan da masu tallan magani suke kawowa gida-gida, a raba yarinya da su.

Yanzu maganar ciwon, wadda ita ce ta fi damuna. Mahaifa ce take matsewa don ta fitar da jinin, shi ya sa ɗumi yake taimakawa. A nan kowane gida akwai jakar roba da ake cika wa ruwan zafi a rungume a mara. Ke gora mai murfi ta ishe ki, a naɗe ta da zani kada ta ƙona fata. Shayin citta ma yana sauƙaƙa wa wasu, kuma citta tamu ta fi wadda nake saya a nan yaji nesa ba kusa ba. Jar kanwa da ake jiƙa wa yara kuwa ban so, gishiri ne mai ƙarfi, kuma likitocin Zariya sun daɗe suna danganta yawan shanta da ciwon zuciyar masu jego. Maganin asibiti da ya fi dacewa shi ne ibuprofen, a sha da zarar ciwon ya fara motsi, bayan an ci abinci, sai dai mai gyambon ciki ba ya sha, shi sai farasitamol. A nan kanti ba zai sayar miki da fakitin farasitamol mai ƙwaya fiye da 16 ba, kantin magani 32, masu ƙarfi kuma sai da takardar likita. Da farko abin ya ba ni haushi. Amma ki tuna yadda mai kemis yake zuba ƙwayoyi kala huɗu a leda ba suna ba takarda, biyu daga ciki aikinsu ɗaya, yarinya ta haɗiye ciki ba komai. Ki riƙa tambayarsa sunan kowace ƙwaya, in ya ƙi faɗa ki ajiye masa kayansa.

Kada ki ɗauka komai a nan sauƙi ne. Ganin likita kyauta ne, maganin da ya rubuta ma a Sikotland kyauta ne tun 2011, amma samun likitan shi ne aiki. Sai kin buga waya ƙarfe takwas na safe kin bi layi, a ce miki yau ta cika. In aka tura ki wajen likitan mata kuwa, sai ki yi watanni kina jiran takarda. Wata abokiyar aikina a gidan kula da tsofaffi ta yi shekaru ana ce mata ciwon al'ada ne kawai, daga baya aka gano irin naman da yake shimfiɗe a cikin mahaifa ne ya tsiro mata a wajenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da wannan lalurar. Kin ga ashe "ki yi haƙuri, in kin yi aure zai daina" ba a garinmu kaɗai ake faɗa ba. Kuma a nan ina cikin ciwo zan tashi in kama bas in tafi aiki, babu mai ɗauke min girki, babu Inna da za ta dama min kunu. Ƙasar Sifen ta ba mata hutun ciwon al'ada a 2023, Birtaniya ba ta yi ba.

Don haka ki sa mata ido. A shekarun farko al'ada takan yi wasa, ta zo ta tsallake, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma in jinin yana wuce kwana 7, ko yana jiƙa auduga cikin awa ɗaya ko biyu, ko yana zuwa da manyan gudaji, ko ciwon yana sa ta amai da suma duk wata, ku je sha-ka-tafi a auna jininta, in sun ga ya fi ƙarfinsu su tura ku babban asibitin Birnin Kudu ko asibitin Malam Aminu Kano. Ki ja fatar idonta ki duba, in ciki ya yi fari, ga jiri ga haki in ta ɗebo ruwa, jini ne ya yi ƙasa. Kwaɗon zogale, alayyahu, wake, hanta ranar kasuwa, a haɗa da lemun tsami ko goba don jiki ya fi ɗauka, shayi kuma a ɗan jinkirta shi bayan abinci. Busasshen zogalen da akuya take ci a bayan gidanku, a nan garinsa ake sayarwa a 'yar leda da kuɗin da ba zan faɗa miki ba, kada ki yi min faɗa.

Ta samu ɗan littafi ta riƙa rubuta ranar da ya zo da ranar da ya ɗauke. Zai taimake ta wajen lissafin salla da ramuwar azumi, kuma shi ne abu na farko da malamar asibiti za ta tambaya.

Akwai mai zuwa Kano bayan salla, zan ba shi jakar ruwan zafi biyu da ƙunzugun Turawa mai maɓalli guda shida. Ɗaya daga ciki ki kai wa mai ɗinkin unguwarku ta warware ta ga yadda aka yi shi: falle uku ne, na sama auduga, na tsakiya tawul, na ƙasa mai hana yoyo. In zai dawo, a ƙullo min daddawa da kuka da citta, a daka kukar sosai a rubuta sunanta a jikin ledar saboda masu bincike a filin jirgi. Ki gaida Inna da Malam.

Ƙanwarki.