Adaftar Alfa AWUS036NHA da Kali Linux: abin da na gani bayan wata uku ina aiki da su a Abuja

Tun da na sa hoton 'yar na'urar nan mai eriya a sitatus mutane ke ta damuna da saƙo, wai "malam ita ce ke fasa waifai?", shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani a kanta gaba ɗaya in huta. Aikina gyaran kwamfuta ne da haɗa wa ƙananan ofisoshi da shaguna intanet, yawanci tsakanin Wuse da Garki da Kubwa, kuma na fara koyon harkar tsaron netwok ne saboda kwastomomi suna yawan tambayata ko wani na shan datarsu.

Da farko ba ita na nufa ba. TP-Link TL-WN722N na je nema don ta fi araha, kuma duk wanda ya yi ɗan bincike ya san tana aiki da Kali, wato wani nau'in Linux (babbar manhajar kwamfuta irin su Windows) da aka tsara don gwajin tsaron netwok. To amma akwai tarko, samfurin farko ne kawai yake da cif ɗin Atheros AR9271, na biyu da na uku an canza musu cif zuwa Realtek, kwalin kusan iri ɗaya, suna iri ɗaya. Wani mai shago a garin nan ya rantse min ta farko ce, sai da na juya bayanta na ga V3 ƙuru-ƙuru a rubuce. Ban ce da gangan ya yi ba, ina ga shi ma bai san bambancin ba, a wurinsa adafta adafta ce. In za ka saya ka duba bayanta da idonka. Daga ƙarshe Alfa ɗin na yi oda, kamfanin Taiwan ne, kuma cif ɗinta shi ne dai AR9271 ɗin da nake nema.

Abin da ya sa ake wahalar neman irin wannan cif ɗin shi ne katin waifai na cikin laftop ɗinka a al'ada saƙon da aka aiko masa kawai yake karɓa. Ita kuwa wannan ana iya sa ta a yanayin sauraro, ta riƙa jin duk abin da ke yawo a iska a tashar da ka ajiye ta, sannan tana iya tura nata saƙon. Nan ne ta burge ni wallahi, na jona ta Kali ya gane ta nan take, babu neman diraiba (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura) babu komai, wanda duk ya taɓa kwana yana kokawa da diraiban Realtek ya san me nake nufi. Ko a VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar kunna Kali a cikin Windows, ma ta yi aiki da zarar na miƙa mata USB ɗin, don in kana gudanar da Kali a cikin Windows katin laftop ɗinka ba ya bayyana a matsayin waifai sam, dole sai ta waje. Eriyar ana kwance ta a sa babba. A ɗakina da ke Kubwa laftop na ganin netwok kaɗan, ita kuwa sai da ta jero na layinmu har da na bayan layi.

Inda ta gaza kuma babba ne: a cikin zangon waifai biyu da aka fi amfani da su, 2.4GHz kawai take ji. Rautocin yanzu da yawa suna da 5GHz, musamman na masu faiba a Gwarinpa da Wuse 2, wannan ɓangaren ba ta san ma yana nan ba. Gudunta iyaka 150Mbps, tsohuwar fasaha ce, kar ka saye ta don kallon bidiyo. Ga ɗalibi mai koyo ta isa har ta yi yawa, amma wanda zai karɓi kuɗin mutane ya ce ya duba musu ofis gaba ɗaya rabin aiki zai yi da ita.

Manhajojin duk kyauta ne. Kali ya fito 2013, shi ya gaji BackTrack, kuma yana zuwa da Aircrack-ng da Wireshark a ciki. Wireshark na fi so don yana koya maka yadda na'urori ke magana da juna, amma ranar farko zai ruɗa ka, layuka ne kawai ke ta zuba kamar ruwan Agusta. Aircrack-ng kuma, manhajar gwada fasa kalmar sirrin waifai, ba sihiri ba ne kamar yadda yaran TikTok ke nunawa. A kan WPA2, tsarin kulle waifai wanda tun 2004 ake amfani da shi, abin da ake kamawa shi ne musabahar da waya ke yi da rauta lokacin da za ta hau, daga nan sai a yi ta gwada kalmomi ɗaya bayan ɗaya a ga ko wata ta dace. In kalmar sirrinka doguwa ce kuma ba ta cikin jerin da ake gwadawa, mutum zai tsufa a gaban kwamfuta. Tsohon tsarin kullen, WEP, ne aka gano rauninsa tun 2001, shi kam ko yaro zai buɗe, kuma ban ci karo da shi ko sau ɗaya ba a aikina.

Gwajin gaske na farko a kemis ɗin kawuna na yi. Na ce masa "Kawu ina so in gwada waifai ɗin shago in ga ko ɓarawo zai iya shiga, amma sai ka sa min hannu a takarda." Ya yi dariya ya ce "kai ɗan nan, ni da kai har sai da takarda? shagon ai naka ne." Na ce a yi haƙuri dai Kawu a sa, ya sa. Na rubuta sunan netwok ɗin, ranar, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, da abin da ba zan taɓa ba. Bayan an rufe shago na yi, don akwai gwajin da ke sauke na'urori daga kan layi, ka ga in POS na tsakiyar cirar kuɗi ka katse shi ka jawo rigima da kwastoma a banza.

Ban ma kai ga wani dogon aiki ba. Kalmar sirrin lambar wayarsa ce, wadda ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon shagon. Wannan ita ce cutarmu a ƙasar nan, rauta na neman aƙalla harafi 8, lambar waya 11 ce, sai kowa ya zuba tasa ya huta, alhali farkonta sananne ne, 0803 ko 0806 ko 0703, abin da ya rage wa kwamfuta ta lalubo bai taka kara ya karya ba. Na shiga shafin saitin rautar da suna admin, kalmar sirri admin, yadda ta fito daga kwali. WPS, hanyar hawa waifai da wata lamba maimakon kalmar sirri, a kunne, abin da tun 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa lambarsa mai 8 ana iya cin ta da gwaji kusan 11,000 kacal saboda yadda rautar ke duba ta rabi-rabi. Kuma kwamfutar lissafin magani da wayoyin yaran shago da na maƙwabta da aka taɓa ba kalmar duk a layi ɗaya suke. Muka canza komai, na kashe WPS, na buɗe wa baƙi layinsu daban. Rautarsa ba ta da WPA3, magajin WPA2 wanda ya fito 2018, da na kunna masa.

Yanzu maganar masu turo min saƙo. Wani ƙanen abokina ya same ni har gida, "Yaya don Allah akwai wani waifai a estet ɗinmu mai ƙarfi, faiba ce ba ta ƙarewa, ko sun sani ba abin da zai ragu." Na gane shi sarai, data ta yi tsada, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025 kowa na ji a jikinsa. Amma na hana, kuma ba wai don tsoron hukuma kaɗai ba. Mutane na ɗauka data kawai ake sha, alhali in ka hau netwok ɗin mutum ka shiga tsakar gidansa ne, kana ganin firintarsa, kyamarar da ya sa a falo, wayar matarsa. Mu da ko zaure ba ma wucewa sai mun yi sallama an amsa, don ƙofar ba a ganinta da ido ba zai sa ta zama ta kowa ba. Sannan duk ta'asar da ka yi a kan layin nan sunan mai gidan za ta fito. Ga kuma doka, dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024 ta haramta tare saƙonnin mutane ba da izini ba, akwai ɗauri akwai tarar miliyoyi, kuma "ina koyo ne" ba hujja ba ce a gaban alƙali.

Har wanda ke cewa zai gwada na maƙwabci ne don ya taimake shi ya faɗa masa raunin, ban yarda da wannan ba. In taimako kake so ka fara ƙwanƙwasa masa ƙofa. Akwai ma abin da ni kaina yake damuna, a yanayin sauraro na'urar ba ta zaɓe, tana kwaso sunayen netwok da lambobin shaidar wayoyin (MAC, ba lambar kira ba) mutanen da ba ruwansu, shi ya sa nake tace ta a kan rautar da aka ba ni izini kawai, in na gama na miƙa rahoto in goge fayil ɗin.

Ƙanen abokin nawa dai na ba shi wata tsohuwar rauta da ke jibge a ƙarƙashin tebur, na ce ya sa mata kalma da kansa ya yi ta fasawa har ya gaji, haka ni ma na koya. Ya dawo bayan sati biyu yana ƙorafin wai da ya sa doguwar kalma abin ya ƙi buɗuwa.

Ita Alfa ɗin zan ba ta 7 cikin 10, ukun da na cire na rashin 5GHz ne. In kuɗi sun shigo AWUS036ACM zan ɗauka, mai cif ɗin MediaTek, tana jin ɓangarorin biyu kuma diraibanta na cikin Linux tun asali. Wannan kuma in bar wa yaran da nake koya wa aiki.