Katin Oyster na Landan, ga yadda na same shi

Tunda na dawo 'yan uwa a kasuwar Agege suke ta tambayata wai ya ake zirga-zirga a Landan, to ni dai abu ɗaya nake faɗa musu, kana sauka filin jirgin Heathrow ka gangara tashar jirgin ƙasa ka sayi katin Oyster na biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa ka loda masa kuɗi tun kafin ka fita. Duk wanda ya saba hawa bas ɗin BRT na Legas da katin Cowry daga Ikorodu zuwa TBS ai ya riga ya iya, akwai wani faifai mai ruwan ɗorawa a bakin ƙofa, ka ɗora katin ya yi ƙara ƙofa ta buɗe shikenan.

Kada ka dogara da katinka na naira don Allah, nawa ƙin aiki ya yi ga mutane a bayana kowa na sauri, kuma motocin bas ɗinsu jajayen nan tun 2014 suka daina karɓar tsabar kuɗi, ko fam nawa ne a aljihunka direba ba zai amsa ba. Abin da ya fi burge ni wallahi shi ne bas, in ka dangwala sau ɗaya duk bas ɗin da ka sake hawa cikin awa ɗaya ba za a ƙara cire maka komai ba, sannan akwai iyakar abin da za su cira a rana, in ka kai nan sauran yawon kyauta ne. Da haka na je Juma'a masallacin Whitechapel, na ci shinkafa da rago na halal nan kusa da shi, na zarce Peckham inda Yarbanci ke tashi kamar kana Oshodi.

Amma fa a kula, a jirgin ƙarƙashin ƙasa sai ka dangwala wajen shiga da wajen fita, in ka manta kuɗi mafi yawa za a caje ka. A bas kuwa wajen shiga ne kawai. Kowa da katinsa, ba a haɗawa da maiɗaki ko aboki, yara 'yan ƙasa da shekara 11 dai kyauta suke bin babba.

Daga filin jirgi layin Piccadilly na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi jirgin nan mai sauri Heathrow Express araha nesa ba kusa ba, sai dai yana tsayawa tasha tasha kusan awa guda kafin ka shiga tsakiyar gari, in akwatunanka manya ne hau jirgin Elizabeth line, ya fi fili.