Digiri na biyu a fannin tsaro da yaƙi da ta'addanci: abin da na biya da abin da na samu

Tun da na kammala digiri na biyu a fannin tsaron ƙasa da ƙasa, kula da haɗari da yaƙi da ta'addanci, abokan aiki da ƙannen abokai suke ta tambayata ko su ma su shiga. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ta intanet na yi karatun, a wata jami'a ta Ingila, ina nan ina aikina na jami'in tsaro a wata ƙungiyar agaji a arewa maso gabas. Ba zan kama sunan jami'ar ba, don akwai yabo akwai ƙorafi. Dama tsarin irin waɗannan digirori a can kusan ɗaya ne: kiredit 180, a ciki 120 na darussa, 60 na kundin bincike.

Darasin kula da haɗari shi ne ya mayar mini da kuɗina, kuma da shi kaɗai aka ba ni da ban yi kuka ba. A wuraren aikinmu an saba da magana biyu, ko a ce hanya lafiya lau, ko a ce hanya ba kyau. Malamar da ta ɗauke mu ba ta karɓar ko ɗaya. Sai ka faɗi wane ne ke barazanar, me yake so, me yake iya yi, sannan ina rauninka yake, sannan in abin ya auku me za a rasa. An gina darasin a kan ma'aunin ISO 31000, wato ƙa'idar duniya ta kula da haɗari, wanda ya fito a 2009 aka sabunta shi a 2018, amma ba haddarsa ake sa ka ba, aiki ake ba ka. Ni na zaɓi ayarin motocin kayan abinci mai gina jiki daga babban gari zuwa wani garin da sojoji ke gadi. Na cika jadawalin auna haɗari, mai haɗa yiwuwar aukuwa da girman ɓarna, mai gida biyar tsaye biyar kwance, ja da ruwan ɗorawa da kore, na miƙa. Da takardar ta dawo, kusan kowane layi akwai tambaya a gefe. Wa ke da alhakin wannan mataki, sunan muƙaminsa? Bayan an ɗauki matakin, wane haɗari ya rage, kuma wa zai sa hannu cewa ya yarda da ragowar? In an bi rakiyar sojoji, harin kwanton ɓauna ya ragu ne ko kuwa an mai da motocin abin hari? Wannan ta ƙarshe muhawara ce da masu aikin agaji suka daɗe suna yi a Borno, kuma na ji daɗi da ba ta yanke mini hukunci ba, ta dai tilasta ni in rubuta hujjar kowane ɓangare. Har wa yau ta ja kunnenmu cewa launukan jadawalin suna iya rufe ido, domin lambar da ka sa a gidan "yiwuwar aukuwa" sau da yawa zato ne, kuma dole ka rubuta a fili cewa zato ne.

Misalin da ya fi zauna mini shi ne harin In Amenas a Aljeriya, a watan Janairun 2013, lokacin da mayaƙan Mukhtar Belmukhtar suka mamaye matatar iskar gas da kamfanonin Sonatrach da BP da Statoil ke gudanarwa, aka kashe ma'aikata 40. Mun karanta binciken da Statoil ta sa aka yi bayan harin, wanda ya nuna an jingina sosai ga kariyar sojojin ƙasar, ba a kuma yi tanadin hari mai girman haka ba. Duk wanda ya taɓa kwana a gidan ma'aikata yana cewa ai barikin soja na kusa, zai gane kansa a wannan rahoto.

An kuma yi mana atisayen garkuwa da ma'aikaci ta Zoom. Aka raba mu, wani ke riƙe da littafin shigar da duk abin da ya faru da lokacinsa, wani ke magana da iyali, mutum ɗaya tak ke ɗaukar wayar masu garkuwa. Ana cikin haka malami ya jefo labarin cewa hoton wanda aka sace ya fita a Facebook, ya zuba ido ya ga yadda za mu yi. A nan na koyi amfanin tambayar tabbatar da rai, wato tambayar da wanda aka sace kaɗai ya san amsarta, wadda ake rubutawa a rufe a ajiye tun ranar da aka ɗauke shi aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan tsari yanzu yana cikin takardun ɗaukar ma'aikata a ofishinmu.

Ɓangaren yaƙi da ta'addanci kuwa, a nan ƙorafina yake. Ba wai ba a koyar da komai ba. An bi da mu ta ra'ayin masani David Rapoport na zango huɗu na ta'addancin zamani, daga masu ƙin kowace irin hukuma a shekarun 1880, zuwa masu yaƙi da mulkin mallaka, zuwa 'yan gurguzu na shekarun 1960, zuwa masu fakewa da addini tun daga 1979. An yi bayanin ƙuduri na 1373 kan yaƙi da ta'addanci da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar a Satumbar 2001, da tsarin Birtaniya mai suna CONTEST mai ginshiƙai huɗu. Duk ilimi ne mai amfani. Sai dai makonni ake kwashewa a kan Ireland ta Arewa, da harin 11 ga Satumba, da na jiragen ƙasa da bas na Landan a 2005, sannan a cusa Afirka gaba ɗaya, daga Somaliya zuwa Mali zuwa Tafkin Chadi, cikin mako guda. Takardun da aka ba mu ma sun tsufa, suna maganar Boko Haram kamar ƙungiya ɗaya, alhali ta rabu tun 2016, kuma Shekau ya mutu a 2021. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne ga mai aiki a fili. Ɓangaren ISWAP, wanda ya ɓalle daga Shekau, da ke karɓar haraji daga masunta da makiyaya a bakin tafki, yana kai hari barikin soja, lissafin haɗarinsa daban yake da na waɗanda ke afka wa ƙauye su kashe na kashewa. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi, mai hedikwata a Njamena, layi biyu ta samu. 'Yan bindigar Zamfara da Katsina kuwa ba su cikin manhaja sam, sai da na kawo maganar da kaina cewa kotu a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda a Nuwambar 2021, gwamnati ta buga a hukumance a Janairun 2022. A yi adalci, malamin ya karɓi batun hannu biyu, har ya bar ni na rubuta maƙalata a kan ko wannan ayyanawa ta canza wani abu a ƙasa.

Abu guda daga wannan mako na Afirka ya cancanci a karanta shi a kowace makarantar horar da jami'an tsaro: rahoton hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, na 2017, wanda ya yi hira da tsofaffin mayaƙa, inda kashi 71 cikin ɗari suka ce abin da ya tunkuɗa su shiga a ƙarshe shi ne wani aikin hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Mu da muke zaune da mutanen nan mun daɗe muna jin haka a bakinsu. Samunsa a rubuce da alƙaluma ya ba ni abin ajiyewa a kan tebur idan ana taro da manya.

An koya mana amfani da rumbunan bayanan hare-hare irin su ACLED da na Jami'ar Maryland, wanda bayanansa suka fara daga 1970. Suna da amfani ƙwarai, amma na so a ƙara nanata cewa kaso mai yawa daga rahoton jarida suke ɗebowa. Lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, harin da aka kai ƙauye da wuya ya isa kunnen ɗan jarida, balle ya shiga jadawali. Darasin bin sawun kuɗin ta'addanci, da hukumar FATF mai sa ido kan haramtattun kuɗaɗe a duniya, da takwararta ta Afirka ta Yamma, GIABA ta Dakar, ya fi dacewa da ma'aikatan banki, musamman a lokacin da Najeriya take cikin jerin ƙasashen da FATF ke sa wa ido, daga Fabrairun 2023 zuwa Oktoban 2025.

Kundin bincike ya ba ni wahala. Na so in yi hira da tubabbun da suka fito daga shirin Operation Safe Corridor na Malam Sidi a Gombe, in ji yadda garuruwansu suka karɓe su. Kwamitin ɗa'ar bincike bai amince ba. Dalilinsu na kare waɗanda za a yi hira da su gaskiya ne, ban musa ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne jinkirin amsa, lokaci na ta ƙurewa, ba wanda ya zauna da ni mu nemi mafita. Na ƙare da nazarin takardu da dokoki, har da dokar ta'addanci ta 2022. Duk mai niyyar yin hira da mutane, ya tambayi yiwuwar haka tun kafin ya biya kuɗin zangon farko.

Maganar kuɗi kuma sai a yi shiri. Da fam ake biya, darasi-darasi, kuma da aka saki farashin naira a kasuwar canji a Yunin 2023 abin da na tanada ya kasa, sai da na ɗage zango ɗaya. Ɗakin karatunsu na intanet ba shi da na biyu, ana naɗar laccoci, don haka ɗauke wuta ba ya sa ka rasa darasi, amma data tana tafiya.

Ga wanda ke aiki a ƙungiyar agaji, ko kamfanin sadarwa, ko banki, ko kaki, kuma akwai mai taimaka masa da kuɗin, ina cewa ya shiga, domin kowace maƙala zai ɗora ta a kan matsalar da ke gabansa. Ƙanina da ya gama bautar ƙasa jiya yana fatan takardar ta samo masa aiki, ban ba shi wannan shawara ba, don masu ɗaukar aikin tsaro gogewa suke fara tambaya. Ya duba makarantar gaba da digiri ta NDA, wato kwalejin horar da hafsoshin soja, a Kaduna, wadda ke ɗaukar farar hula kuma da naira ake biya, ya haɗa da gajeren horo na aiki a yankin rikici. Wanda ya nace sai ta waje, ya rubuta wa jami'ar ta turo masa jerin littattafan kowane darasi, ya duba shekarun da aka wallafa su, ya kuma tambayi ko akwai malamin da ya taɓa bincike a Sahel da zai duba masa kundi.